Cokalin Shayi a Fiffiken Fanka

Masu karatu, yau ba ci gaban Mai Gyaran Fanka na kawo muku ba, don haka ku sassauta fuska. Na san Hajiya Ba Wasa ta riga ta shirya yatsunta, ita da ba ta barin babi ya huce sai ta zo ƙasansa ta rubuta min, "Ke marubuciya ki ji tsoron Allah, wannan ɗan guntun za ki ba mu?" Hajiya, ki adana faɗan, zan dawo kanki. Yau labarin kaina zan ba ku.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa yake kira na. Ina aiki a teburin karɓar marasa lafiya na wani asibitin haƙori, inda nake wuni ina rubuta sunayen mutanen da suka dafe kumatu. Idan layi ya lafa sai in ciro waya in rubuta labarin soyayya, in ɗora a manhajar nan ta karatun littattafai da sunan Tsuntsuwar Taga. A gida babu wanda ya sani. Umma ta ɗauka hira nake da ƙawaye. Gwaggo kuwa, yayar Baba, wadda take zuwa mana kusan kullum da ƙatuwar jakarta, ta sha faɗa a gabana cewa masu rubuta littattafan soyayya ne suka lalata 'yan matan zamani, kuma da za ta kama ɗaya sai ta ja mata kunne har ya yi tsawo. Ni dai sai in ce, "Gaskiya ne, Gwaggo," in ƙara mata shayi.

Gwaggon nan ce ta kawo min Barista, ɗan aminiyarta. Dogo ne, baƙi, mai gilashi, kullum cikin kwat da lakataye ko da ana zafin da zai narka roba. Lauya ne a kamfanin da ya mallaki manhajar da nake rubutu a cikinta, abin da ya sa tun ranar farko na kama bakina. Zuwansa na farko ya zauna a falonmu ya ci biskit, ya kalli takalminsa, ya ce ana zafi. Na ce ƙwarai. Ya sake cin biskit. Da zai tafi ya ce, "To, an gode da biskit." Na koma ɗaki na ce wa Umma wannan ai da kujera aka aura min da mun fi yin hira.

"Miji mai shiru ai rahama ne," in ji Umma. "Ke surutun naki ya ishi gida biyu."

Amma da ya karɓi lambata sai mutum ya canza. Saƙonni suka fara shigowa masu sa mutum ya ajiye cokali. Ba zan yi muku ƙarya ba, sun shige ni. Ina karantawa ina murmushi ni kaɗai har wani mai kumburarren haƙori ya tambaye ni ko shi nake yi wa dariya. Sai wata Laraba, ina tsakiyar shan shayi a wurin aiki, wannan ya shigo:

"Ban iya magana ba, Auta. Amma idan fankar ɗakinki ta tsaya, ki kira ni kafin ki kira kowa."

Zuciyata ta narke, sannan ta tsaya cak. Ku da kuke bin labarina kun san wannan magana. Babi na tara ne, inda Mai Gyaran Fanka ya tsaya a ƙofar gidan su yarinyar da akwatin kayan aikinsa. Ni na rubuta ta, a kan wannan kujerar, kuma har kuka na ɗan yi lokacin da na rubuta. Na koma sama na bi saƙonnin nasa ɗaya bayan ɗaya. Wannan daga babi na huɗu. Wancan daga wurin da ruwa ya tare su a shago. Ashe duk tsawon lokacin nan ni nake yi wa kaina kalaman soyayya, Barista ɗan aike ne kawai.

Ban sha wahalar gano bakin zaren ba. Manhajar ta fito da wani sabon abu da suke kira Mashawarci, wai ƙirƙirarriyar basira, na'urar da za ka tambaya komai ta ba ka amsa, har saƙon budurwa ta rubuta maka. Ni Boka nake ce masa. Bokan nan ya haɗiye littafina tas, yana aman shi ga duk wanda ya tambaya.

Da a nan abin ya tsaya da dariya kawai zan yi. Sai ga kamfanin ya fitar da wani littafi da na'urar ta rubuta, wai Injiniyan Zuciyata. Na buɗe, na ga labarina ne an sa masa kwat: mai gyaran fankana ya zama injiniyan na'urar sanyaya ɗaki mai mota, amma yarinyar, da mahaifinta mai taurin kai, da ruwan da ya tare su a shago, duk suna nan. Kafin in gama haɗiye wannan, saƙo ya shigo shafina. Wai labarina ya yi kama da littafin da yake mallakin kamfani, don haka in cire shi kafin Litinin, in ba haka ba su goge shafin gaba ɗaya. Ni ce na zama ɓarauniyar kayana.

Na mayar musu da amsa mai zafi, na ce su duba ranar da na fara ɗora nawa. Suka ce na'urarsu ba ta taɓa karanta labarina ba, da basirarta take rubutu, kuma ko ma dai mene ne, ranar da na buɗe shafi na danna "Na yarda". Wa ya taɓa karanta wancan dogon rubutun kafin ya danna? A ƙasan saƙon an rubuta Sashen Shari'a, wato ofishin mai cin biskit ɗinmu.

Na kulle kaina a banɗakin asibiti na yi kuka mai isata. Littafin nan shi ne abu guda da na yi da kaina tun da aka haife ni, ba wanda ya zaɓa min, ba wanda ya sa ni. Likita, uwar ɗakina a wurin aiki, ta gan ni da jajayen idanu, na zayyana mata komai. Ta cire safar hannu ta ce, "Da manyan nan ba a faɗa da baki, Auta. Sai kin nuna cewa na'urar ta ci littafinki, abin da ba za su iya musawa ba. Kalaman soyayya kuwa za su ce kowa yana yi."

A gida kuma Umma ta tasa ni gaba. "Kafin Babanki ya dawo daga tafiya nake son jin amsarki. Yaron kirki, ga aiki a babban kamfani, me kike nema kuma?"

Ina zaune a falo ina fifita da murfin kwali, ina jin Umma da kunne ɗaya, sai idona ya sauka a kan fankar silin ɗinmu. Tun watan jiya ta mutu. In an kunna sai ta yi ta gurnani ba ta motsi, Baba kuma kullum gobe zai kira mai gyara. Na kalle ta, na ji wani murmushi yana taso min wanda na san ba na alheri ba ne.

Bari in tuna muku abin kunyar da na yi a babi na tara. Ni ban san komai game da fanka ba, ban da kunnawa da kashewa. Da na zo wurin da jarumina zai yi gyara don ya burge yarinyar, sai na kalli abin da yake gabana na rubuta. Akwai man gashi a jakata, akwai zaren kitso, ga cokalin da nake motsa shayi. Na ce ya shafa man gashi a gindin fukafukan, ya ɗaure cokalin shayi a fiffike ɗaya da zare don ta daidaita, sannan ya tura ta baya da hannu. Ranar kun yi min ca. Wata ta ce mijinta mai gyaran wuta ne, ya yi dariya har ya faɗo daga kujera, wai wani ɗan abu ne da ake kira kwandensa ake canzawa, shi ke nan. Na ji kunya, amma ban gyara ba. Babu wani mahaluki a duniya da yake gyaran fanka da cokali sai jarumina.

Na ɗauki waya na rubuta wa Barista: "Ranka ya daɗe, ka ce in kira ka kafin kowa. Fankar falonmu ta tsaya."

Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace. Ta sake fitowa, ta ɓace. Can sai ga amsa: "Ina nan zuwa Asabar."

Asabar da la'asar na ci kwalliya kamar mai zuwa biki. Doguwar riga ruwan zuma mai ƙananan duwatsu a wuya, mayafi ruwan madara, ɗan kunne mai lilo, turare har Umma ta yi atishawa. Gwaggo ta zo cikin sabon farin leshinta da ta ce ba ta taɓa sawa ba, ta hakimce a kujerar da take daidai ƙarƙashin fanka. Na jera shayi da biskit a tebur, na jingina wayata a jikin fulas, idonta yana kallon silin, na danna ɗaukar bidiyo.

Barista ya yi sallama cikin kwat ruwan toka. Ba akwatin kayan aiki, ko sukuddireba bai riƙo ba. Ya durƙusa ya gaishe su.

"Ashe har gyaran fanka ka iya, ɗana?" in ji Gwaggo, tana kallon Umma da alfahari. "Na gaya miki yaron nan komai nasa daban ne."

"Ana dai taɓawa, Gwaggo," ya ce, zufa ta riga ta keto masa.

Ya cire takalmi, muka jawo masa teburin cin abinci, ya hau da safa. Ya kalli fanka, ya taɓa fiffike ɗaya da yatsa, ya hura ƙurar da take kai, ta dawo masa a gilashi. Sannan ya juya mana baya ya ciro waya a hankali, yana rufe ta da gefen kwat. Ni da na san me yake yi sai na sunkuyar da kai ina gyara kofuna, ina addu'a a zuciyata: Boka, kar ka ba ni kunya yau.

Ya yi gyaran murya. "Auta, ko akwai man gashi a gidan?"

Wallahi saura kaɗan in shaƙe. Na ce, "Akwai, ranka ya daɗe." Na ɗauko masa babbar kwalbar Umma. Ya lakato da yawa, don shi mutum ne mai yin aiki tsakani da Allah, ya lafta a gindin kowane fiffike har yana ɗiga.

"Man gashi kuma?" in ji Umma a hankali.

"Ki bar shi, ilimin zamani ne," Gwaggo ta ce. Amma na lura ta ɗan karkata kai tana kallonsa.

Ya sake leƙa waya. "Sai zare. Da... cokalin shayi."

Na zare cokalin daga kofin Gwaggo, na goge da gefen mayafi, na miƙa masa da hannu biyu cikin ladabi. Ya ɗaure shi a fiffike, ya yi ƙulli har sau ba adadi. Gwaggo ta ajiye biskit ɗin da ta kai baki. Ya ce a kunna. Na kunna, fanka ta fara gurnaninta na kullum. Ya duba waya karo na ƙarshe, ya ja numfashi, ya sa hannu ya tura ta baya.

Jama'a, ta tashi. Ban san dalili ba, kar ku tambaye ni, amma fankar nan ta kama juyawa da baya, a hankali, sannan ta ƙara gudu. Barista ya duƙa da sauri, fuskarsa ta washe, har ya buɗe baki zai yi magana. Sai aka fara ruwan man gashi. Ya feshi bango, ya feshi labule, ya feshi hoton auren su Umma, ya yi wa farin leshin Gwaggo ɗigo-ɗigo tun daga kafaɗa har gwiwa. Cokali ya yi zagaye kaɗan, zaren ya tsinke, ya tashi ya wuce ta saman kan Umma ya faɗa cikin kabad ɗin kwanukanta da ƙara. Na ruga na kashe makunni, na dafa bango, don dariyar da nake dannewa ta fara sa min ciwon ciki.

Barista yana tsugune a kan tebur, mai yana gangarowa daga gilashinsa. Na jira Gwaggo ta fashe da faɗa a kan leshinta. Ko kallon leshin ba ta yi ba.

"Man gashi," ta ce tana lissafi da yatsu. "Zare. Cokali. A tura ta baya. Kai ɗana, wannan ai gyaran Mai Fanka ne. Babi na tara, ranar da ya je gidan su yarinyar uban yana zaune a ƙofa. Kai ma kana karantawa?"

Umma ta juya ta kalle ta. Ni ma na kalle ta. Gwaggo ta ankara da abin da ya fito daga bakinta, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ce, "To me? Ina dubawa ne in ga irin ɓarnar da suke yi. Kuma marubuciyar ba ta da kirki, sai ta kai mutum wuri mai daɗi ta tsaya. Kullum sai na rubuta mata ta ji tsoron Allah."

Hajiya Ba Wasa, na ce zan dawo kanki. Ga shi na dawo. Shekara guda kina zagina a waya da rana, da yamma kina shan shayin da na haɗa miki.

Barista ya sauko daga tebur a sanyaye. Ya ce shi bai taɓa karanta wani littafi ba, Mashawarcin kamfaninsu ya tambaya. Da ya ji sunan labarin sai na ga fuskarsa ta canza. "Mai Gyaran Fanka? Wanda za a goge ranar Litinin?"

"A goge me?" Gwaggo ta miƙe tsaye. "Ba a kai ga auren ba za a goge? Uban wa ya ce?"

"Gwaggo, doka ce. Marubuciyar ta kwaikwayi littafin kamfani. An tabbatar mana na'urar ba ta taɓa ganin labarinta ba, ni na rubuta mata amsar da kaina."

Na ji dariyar ta ɗauke min gaba ɗaya. Na je kabad na ɗauko cokalin, na ajiye a gabansa.

"To wa ya koya mata cokalin, Barista?"

Ya kalle ni.

"Ka je ka tambayi duk mai gyaran fanka da ka sani. Babu mai yin haka, don ƙarya ce. Ni na ƙirƙire ta ina shan shayi a wurin aiki, saboda ban san yadda ake gyaran ba. Maganar da ka turo min cewa in kira ka kafin kowa, ita ma tawa ce. Duk saƙon da ka turo min tun farko nawa ne. Ni ce Tsuntsuwar Taga, kuma littafina ne kake shirin gogewa."

Umma ta zauna daɓas tana salati a hankali. Gwaggo ta saki baki tana kallona, na ga hannunta ya ɗaga, na kare kunnena da sauri. Sai ta dafa kafaɗata ta ce da ƙaramar murya, "Ke, tsakaninki da Allah, Mai Fanka zai auri yarinyar ko ba zai aure ta ba?"

Barista ya waiwaya. Idonsa ya sauka a kan wayata da take jingine a jikin fulas, ɗan jan ɗigon ɗaukar bidiyo yana haske. Lauya ne, ya san me yake kallo. Ya san idan bidiyon nan ya fita, ba kamfani kaɗai zai ji kunya ba, shi ne mutumin da yake kan tebur da safa, kuma manyansa ba za su yafe masa ba. Na ɗauka zai ce in goge, ko ya karanto min wata doka. Ya sa takalminsa, ya durƙusa ya ba Gwaggo haƙurin leshi, ya ba Umma haƙurin labule, ya fita. Ko godiyar biskit bai yi ba.

Umma ba ta yi min magana ba har aka yi magariba. Da ta tashi yi, cewa ta yi, "Kin kori mijin da ya zo har gida, kin ɓata min bango, kuma ashe shekara guda kina min ƙarya. Babanki zai ji komai." Wannan ya fi faɗan Gwaggo zafi, na shige ɗaki. Ga bidiyo a hannuna. In na sake shi wataƙila littafina ya tsira, mutumin kuma ya rasa aikinsa. In na riƙe shi, Litinin shafina ya zama fili. Abin haushin shi ne, ganinsa a kan teburin nan yana lafta mai da iyakar gaskiyarsa don kar ya saɓa alkawarin da ba shi ya rubuta ba, ya sa na ji wani abu game da shi wanda saƙonnin ba su taɓa sa ni ji ba.

Lahadi da safe ina wanke labulen Umma saƙo ya shigo. Na goge hannu na buɗe.

"Auta. Wannan ni na rubuta. Ba daɗi, na sani. Na karanta babi na tara har na kai na ƙarshe, ban yi barci ba. Kin riga mu rubutawa. Kar ki goge bidiyon, kuma kar ki sake shi tukuna. Gobe da safe za a kawo min takardar gogewa in sa hannu. Ba zan sa ba. Ban san ko zan kai yamma da aiki ba. Ki kawo wayar ofishinmu, hawa na sama. Ki zo da Gwaggo."

Ko kalmar so ɗaya babu a ciki, kuma na karanta shi fiye da duk waɗancan masu zaƙin. Na tsaya da kumfa a gwiwar hannu ina kallon waya, sai ga wani ya biyo baya: "Na kira mai gyaran fanka na gaske. Ku ɓoye cokalin, shaida ne."

Na kira Gwaggo don in gaya mata, ashe ya riga ni. Ta ce tana goge mayafinta, kuma farin leshin nan za ta saka yadda yake, da ɗigon mansa, manyan kamfanin su gani da idonsu. Kafin ta kashe ta ce, "Ki sa cokalin a jakarki. Kuma ki sani, in muka ƙwato littafin nan kika kashe min Mai Fanka a ƙarshe, ni da kaina zan kai ki kotu."